Kacici-kacicin Talabijin da Hikimar Manomi

Tun kafin zuwan akwatin talabijin, Bahaushe yana da kacici-kacicinsa, mai ƙa'idojin da kowane yaro ya sani. Mai tambaya ya ce "ƙulun ƙulufita", a amsa masa da "gauta". Wanda ya kasa, sai ya ba da gari, a faɗa masa amsa, a yi dariya a wuce. Watau dai hasarar ta fatar baki ce kurum.

Da wannan tarbiyya wani matashin malamin firamare ya tashi a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Shi bai riski farkon talabijin a Nijeriya ba, wato 1959 a Ibadan, ko buɗe ta Kaduna a 1962, ko kafa hukumar NTA a 1977. Abin da ya riska shi ne shirin Who Wants to Be a Millionaire, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1998, aka fara na Nijeriya a 2004, Frank Edoho yana gabatarwa, kamfanin MTN yana ɗaukar nauyi. Shirin ya tsaya a 2017, ya dawo a 2022. A gidan kallo mai janareto malamin ya riƙa bin sa.

Ƙa'idojin shirin a zubinsa na farko ba su da wuyar ganewa. Tambayoyi 15 ne, kowace da amsoshi huɗu, kuɗi suna hauhawa har naira miliyan 10. Mai gasa yana da agaji uku: a soke amsoshi biyu marasa daidai, ko ya buga wa aboki waya, ko ya nemi ra'ayin 'yan kallo. Tambaya ta 5 da ta 10 matakan tsira ne. Wanda ya faɗi bayansu ba ya tashi hannu rabbana. Bugu da ƙari, yana da damar ya ga tambaya, ya ƙi amsawa, ya tafi da abin da ya tara.

A 2009 Aroma Ufodike ya cinye miliyan goman nan, malamin kuwa ya koma gida zuciyarsa cike da buri. Da kaka ta yi, sai ya yi shawarar jinginar da gonar gado, ya sayi masara a kasuwar Dandume ya ɓoye, har damina ta yi tsakiya farashi ya tashi. Ya tunkari mahaifinsa, tsohon manomin auduga wanda bai san ko bihim da Turanci ba, ya kawo masa labarin shirin don ya nuna cewa sai da kasada ake arziki.

Tsohon ya sa aka maimaita masa ƙa'idojin sau biyu, ya yi shiru. Can ya ce, "To Malam, shi wancan in ya faɗi, da me ya zo daga gidansu da zai rasa?"

"Babu komai, Baba."

"Kai fa, ina matakin tsirarka in masara ta karye?"

Malamin bai sami amsa ba, kuma a wannan karo ba garin fatar baki zai bayar ba, gonar da ke ciyar da gidan ce. Ya janye maganar jingina, ya sayi 'yan buhunan da albashinsa ya iya.

Abin lura a nan shi ne, 'yan kallo sukan ɗauka shirin yana auna yawan sani ne kawai. Alhali ƙa'idar da ta fi nauyi ita ce ta janyewa, domin ita ke auna ko mutum ya san iyakar saninsa. Dattijon da bai taɓa kallon shirin ba ya gane haka tun daga ji na biyu, saboda shekara da shekaru yana yanke irin wannan hukunci a bakin rumbunsa.