Ranar da na kusa sa a goge kwamfutar Baba

Babanmu yana da ɗan shagon buga takardu a bakin titin unguwarmu a Katsina. Kwamfuta ɗaya ce ta tebur, da firinta, da injin hoton takardu. A hutun da na gama aji biyu na babbar sakandare, ya tafi Funtuwa gaisuwar rasuwa, ya bar mini shagon na kwana biyu. A cikin kwamfutar akwai aikin wata ɗalibar kwaleji, shafi sittin da wani abu, wanda Baba ya yi mako guda yana bugawa. Ta ce za ta zo karɓa da ƙarfe takwas na safe, domin ranar ce ta ƙarshe ta miƙawa.

Bayan la'asar na dawo daga masallaci, na tarar kwamfutar ta kulle kanta kamar kullum. Na buga kalmar sirri, ta ce ba daidai ba. Na sake, ta ƙi. Kalmar nan kuwa ko cikin barci aka tashe ni zan faɗe ta: azumi25. (Mun canza ta tuni, kada wani ya wahalar da kansa.)

Na duba Caps Lock, don malamin kwamfuta ya sha gaya mana babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a kalmar sirri. A kashe yake. Na tuna idan Num Lock ya mutu, lambobin gefen dama ba sa shiga, sai na koma na jerin sama. Duk a banza. Nan zufa ta karyo mini.

Sai na juya kan Auta, ƙanena, wanda na bari yana gadin shago.

"Kai ka canza ta ko?"

"Wallahi Yaya ban taɓa ba."

Ban saurare shi ba. Na daka masa tsawa a gaban mutane, har da rankwashi. Ya fita yana share hawaye.

Na kira wani mai gyara. Ko zama bai yi ba ya ce sai dai a yi mata fomatin, a ɗora sabon Windows. Na ce takardun ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa. Na yi imani akwai masu gyara na kirki da za su fara kwashe takardu kafin komai, amma wannan gaggawa yake yi. Har na sa hannu a aljihu, sai na tuna idon ɗalibar nan, na ce ya bari zuwa dare.

Bayan isha'i taubashina ya leƙo. Ɗan kawuna ne, daga Maraɗi ya zo hutu, kuma tsokana ce sana'arsa. Ya ce, "Mutumin Najeriya, kwamfuta ta fi ƙarfinka?" Ban ko yi dariya ba. Ya ce in sake bugawa, amma kafin in tura, in danna ɗan hoton idon da ke ƙarshen akwatin in riƙe. Wata shida ina ganin idon nan, ban taɓa sanin yana buɗe abin da ɗige-ɗigen suka ɓoye ba. Na danna. Ga abin da na gani: qwu,ié(

Ya dafe kai. Ashe lokacin da nake masallaci ya shigo, kwamfutar ba ta riga ta kulle ba, ya rubuta wa makarantarsu wasiƙa da Faransanci. Da yake ya saba da tsarin madannan Faransa, wanda ake kira AZERTY, sai ya ƙara shi a Windows, ya manta bai mayar ba. Namu tsarin QWERTY ne. A nasu, A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ta koma kusa da L ta bar wa waƙafi gurbinta, lambobin sama kuma ba sa fita sai an haɗa da Shift. Wato yatsuna suna buga daidai, kwamfutar tana karanta wani abu daban.

Ya nuna mini ƙasan fuskar ta hannun dama, inda aka rubuta FRA da ƙananan haruffa uku. Ya danna, ya zaɓi ENG. Ya ce maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara ma suna juya shi, shi ya sa wani lokaci mutum kan canza bai sani ba. Na buga azumi25, ta buɗe.

Mun kai sha ɗayan dare muna fitar da shafukan. Da safe ɗalibar ta karɓi aikinta, ba ta san komai ba.

Auta ne ya ƙi kula ni. Na saya masa tsire, ya ci ya ƙi magana. Da Baba ya dawo, shi ya fara tararsa a ƙofa ya zayyane masa komai, har da rankwashin. Baba ya dube ni ya ce, "Ka ba shi haƙuri a inda ka yi masa tsawar." Haka na tsaya a bakin shago, gaban mai shayi da masu jiran hoton takardu, na ce, "Auta, ka yafe mini." Ya ce sai ya yi tunani.