Tafiya Daga Kankiya Zuwa Tsibiran Yawuri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata ƙasa ta ruwa da tsibirai wadda ke nan cikin Arewa, amma da yawa daga cikinmu mutanen tudu ba su san ta ba, sai dai su ji sunanta a bakin masu sayar da kifi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zamanin nan in ana zancen wuraren da a ke zuwa buɗe ido, sai ka ji samarinmu suna ambaton Zanzibar mai kanumfari, ko ƙananan tsibiran nan na Tekun Indiya, suna nuna wa juna hotunansu a waya, suna cewa ai irin wannan sai ƙasashen waje. Ban ce waɗannan wurare ba su da kyau ba. Amma mu mutanen Kankiya da Kusada, waɗanda rafukanmu ke komawa rairayi tun kafin rani ya yi tsakiya, ya kamata mu sani muna da namu tsibiran a cikin Kogin Kwara, watau Neja, a ƙasar Yawuri ta Jihar Kabi. Mai zuwa can ba ya bukatar fasfo ko tafinta, gama da Hausa za a yi masa maraba.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da kogin da ke nesa. Ai ruwanmu ne ya ke tafiya can. Wanda ya san madatsar Zobe ta ƙasar Dutsin-Ma, maƙwabtanmu na yamma, ya san Karaduwa aka datse. To, ita Karaduwa a Bunsuru ta ke zubawa, Bunsuru kuma ta gamu da Gagare su zama Gulbin Rima. Rima ya bi ta Goronyo, ya gamu da Gulbin Sakkwato, su wuce ta Argungu da Birnin Kabi, sa'an nan su faɗa cikin Kwara can sama da Yawuri. Ashe ke nan ruwan saman da ya sauka a tsakiyar ƙasar Katsina da damina, wani daga cikinsa shi ne ya ke wanke gindin tsibiran da na ke ba ku labari. Tun da na gane wannan a taswira na ƙudura a raina sai na je na gani da idona, gama an ce gani ya kori ji.

Da na sami hutu a wurin aiki cikin watan Janairu, sai na shiga mota daga Kankiya, muka nufi Gidan Mutum Ɗaya, inda hanya ta rabu, muka bar ta Kano muka kama ta Malumfashi da Funtuwa. Daga Funtuwa muka bi ta Tsafe da Gusau da Talatar Mafara har Sakkwato, a nan na kwana. Kashegari muka yi kudu, ta Tambuwal da Jega da Koko, har muka isa Yelwa, babban garin ƙasar Yawuri. Tun daga Koko mutum zai fara ganin ƙasa ta sake. Itatuwa sun ƙara tsawo da duhuwa, ga kaɗanya ga ɗorawa, ga fadamu shimfiɗe da shinkafa.

Ban tsaya neman masauki ba sai da na gangara bakin ruwa. Ya ku 'yan'uwa, wanda bai taɓa ganin abin da ya fi tafkin bayan gari ba, in ya tsaya a nan sai magana ta ƙwace masa. Ruwa ne shimfiɗe iyakar ganinka, wancan ƙetare kuwa sai ka hango shi dishi-dishi cikin hazon hunturu, kamar zare. Jiragen ruwa na katako jere a gaɓa, waɗansu na inji, waɗansu na tuƙi da hannu. Waɗansu ana sauke buhunan albasa, waɗansu itace, waɗansu kwandunan kifi. A kasuwar kifi na ga giwan ruwa wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi, na ga tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da ragon ruwa, ɗanye da ƙyafaffe. Da yawa daga busasshen kifin da matanmu ke saya a kasuwa da ɗan karen tsada, daga irin wannan gaɓa ya ke fitowa.

A bakin mutanen wurin, tsibiri shi ne gungu, mazaunansa kuwa Gungawa, ko da ya ke su da harshensu Bareshe su ke kiran kansu. Har yau akwai wurare masu wannan suna, kamar Gungun Sarki. Gungawa manoma ne masunta, sun kuma shahara da kokawa da noman albasa a bakin ruwa. Tare da su akwai Sarkawa, waɗanda su ne suka gaji su kaka da kakanni. Da safe na sami wani dattijo mai jirgi wanda mutanen masaukina suka yaba da hankalinsa, ya zaga da ni tsakanin gungu da gungu. Kowane gungu da irinsa. Wani na rairayi ne fari fat, babu kowa sai tsuntsaye, ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Wani kuwa mai tudu ne, da bukkoki da rumbuna da giginya tsaye a kansa, yara suna tuƙa jirgi daga wannan ƙofa zuwa waccan kamar yadda namu ke hawan jaki. Muka hangi dorina daga nesa, kunnuwa da hanci kaɗai a waje, dattijon ya kauce mata da nisa, ya ce mini, "Malam, ita ce mai gida a nan, mu baƙi ne." Ya kuma ba ni labarin ayu, dabbar ruwan nan mai cin ciyawa, wadda yanzu ta yi ƙaranci ƙwarai, har doka ta hana kashe ta.

Akwai wani abin al'ajabi da ya kamata malaman makaranta su riƙe. Kwara a Yawuri sau biyu ya ke cika a shekara. Cikar farko ita ce farin ruwa, wadda ke zuwa cikin damina zuwa ƙarshenta, da ruwan ƙasashenmu na kusa, mai gurɓi da laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wadda ke isowa cikin ɗari, sa'ad da babu ko ɗigon ruwan sama a Arewa duka. Dalili kuwa shi ne, kogin nan daga duwatsun ƙasar Gini ya ke tasowa, tsawonsa wajen mil 2,600 ne. In ya shigo ƙasar Mali sai ya bazu cikin wata babbar fadama kafin Tambutu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, kana ya taso ya iso mana garau. Watau ruwan da na tarar a Janairu, daminar Gini ce ta bara. Ikon Allah ke nan, ya ajiye wa waɗannan bayi nasa ruwa a wata ƙasa, ya aiko musu da shi a lokacin da mu muke tonon rijiya.

Ƙasar nan kuma ba ta rasa tarihi ba. Yawuri tsohuwar masarauta ce, babban birninta na da shi ne Birnin Yawuri. A zamanin yaƙe-yaƙe sarakunanta sun taɓa fakewa a tsibiri cikin kogi, gama ruwa ya fi ganuwa tsare mutum daga mahaya dawaki. A 1888 ne Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da gidan sarauta Yelwa. Ta nan ne Baturen nan Mungo Park ya wuce a jirginsa yana neman inda kogin ya ƙare, ya je ya halaka a duwatsun Busa a 1806. A 1830 waɗansu Turawa biyu wa da ƙane, Richard da John Lander, suka zo Yawuri suna neman takardunsa, daga baya suka bi kogin har teku.

Amma duk wannan bai kai abin da ya faru a zamanin iyayenmu ba. Daga 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar Kainji domin a sami wutar lantarki. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen mil 80, tun daga Kainji har Yelwa. Babban tsibirin Foge ya nutse da gonakinsa, tsohon garin Busa ya nutse, duwatsun da suka ci Mungo Park su ma suka shige ƙarƙashin ruwa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka sake musu matsuguni, aka gina Sabuwar Busa. Gungawa da yawa a lokacin suka koma tudu. Duk wanda ya taɓa kunna fitilar lantarki a Kankiya ko Kusada, to, ya tuna akwai waɗanda suka bar kaburburan kakanninsu a ƙarƙashin ruwa domin ƙasa ta sami haske. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu san su, mu kuma damu da abin da ya dame su.

To, ga abin da ya dame su, shi ne kuma babban dalilin wannan takarda. Jirgin ruwa shi ne motarsu, shi ne jakinsu. Da shi a ke zuwa kasuwa, da shi a ke kai mai naƙuda asibiti. Amma jiragen da yawa sun tsufa, ga kututturan itatuwan da tafki ya shanye suna nan tsaye a ƙarƙashi, ga kuma kwaɗayin masu lodi. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara ta ƙasar Ngaski ɗauke da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kamar 20 ne kaɗai. Ni da kaina ran kasuwa na ga jirgi an cika shi da mutane da buhuna da babura, har tsakanin bakinsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba, babu kuwa ko mutum ɗaya mai rigar nan da ke hana nutsewa. Da na yi magana sai wani ya ce ai kowa da ranarsa. Gaskiya ne kowa da ranarsa, amma wanda ya halicci ajali shi ne ya ba mu hankali, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Haɗari na biyu a tudu ya ke. Kowa ya san halin da hanyoyin Zamfara da na kudancin Kabi suka shiga saboda 'yan bindiga, ba mu kuma manta da ɗaliban da aka sace a makarantar Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri cikin watan Yuni na 2021 ba. Saboda wannan ne na haƙura da ganin gandun dajin Kainji, mai sassa biyu, Bargu da Zugurma, inda a ke da gwanki da ɓauna da kanki da mariya. Abin baƙin ciki ne a ce dajin da aka keɓe domin namun daji da masu kallo ya zama mafakar miyagu.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga mahukunta, Allah ya ja zamaninsu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta riga ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa, amma doka a takarda ba ta tsamo kowa. A sa ma'aikaci a kowace babbar tashar jirgi ran kasuwa, ya ƙidaya mutane kafin a tashi, a rubuta wa kowane jirgi iyakar abin da zai ɗauka a jikinsa, a kuma sare kututturan da ke kan hanya, ko a kafa musu alama. In an yi wannan, bikin Rigata da a ke yi a Yawuri, inda a ke tseren jirage da wasannin ruwa, zai jawo baƙi daga ko'ina, talakawa su sami ciniki.

Na biyu ga malaman makarantunmu na Kankiya da Kusada da Ingawa. In kuna koyar da labarin ƙasa, kada ku fara da kogunan Turai. Ku zana wa yara hanyar ruwa daga Karaduwa har Kwara, in da hali da kwanciyar hankali ku kai su Zobe su ga mafarin tafiyar. Yaron da ya san inda ruwan ƙasarsu ke zuwa ba zai ɗauki mutumin Yawuri baƙo ba.

Na uku ga duk mai niyyar zuwa. Ka je cikin ɗari, tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ke garau, iska kuma ba ta tayar da igiya kamar ta farkon damina. Ka tambayi direbobi labarin hanya kafin ka tashi, kada ka yi tafiyar dare a tudu ko a ruwa. Ka nemi mai jirgin da mutanen gari suka amince da shi. In ka ga an cika jirgi fiye da kima, ka sauka ka jira na gaba, ko da za a yi maka dariya, gama rigakafi ya fi magani. In ka sauka a gungu kuwa, ka fara gaida mai gari, kada ka ɗauki hoton mutane sai da izininsu.

Ina fata masu karatu na Yawuri da Ngaski da Shanga za su rubuto su ƙara mana bayani a wannan fili, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Kankiya.