Inda Babana Yake Ɗaure Jakinsa

Wata Talata cikin bazarar bara na ɗauko mahaifiyata daga Morai zuwa asibiti a Talata Mafara, saboda jininta ya hau tun da asuba. Hanya ba ta ba mu wahala ba sai da muka iso kusa da kasuwa. Manyan motoci biyu sun tsaya a gefen titi ana sauke buhuna, ƙananan motocin haya sun yi layi a bayansu, babura kuma sun cike ɗan abin da ya rage. Mun fi minti arba'in a wuri ɗaya, rana tana dukan rufin mota, ni kuwa ina yi wa Inna fifita da katin asibiti. Can sai ta ɗaga kai ta dubi wani jerin shaguna, ta ce: "Nan fa akwai durumi. Nan babanku ka ɗaure jakinai."

Alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Amma maganar nan tata ta zauna mini a rai, domin ta tuna mini cewa ajiye abin hawa tsohon sha'ani ne a ƙasar Hausa, kuma yana da tsarinsa. Fatake ba sa sauke kaya a inda suka ga dama. Akwai zango, akwai Sarkin Zango. Mai jaki ya san turkensa a gindin durumi ko ceɗiya, nesa da hanyar mutane. Wurin tsayawa da inuwa a haɗe suke. Da mota ta zo, sai muka sare itacen muka gina shago, muka bar wa titi nauyin da turke yake ɗauka a da.

Mafara tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuma tun da aka kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978 amfanin gonar Maradun da Bakura yake biyowa ta nan. Ga kuma jama'ar ƙauyuka da rashin tsaro ya koro cikin gari. Kowane taku na bakin titi ya zama kuɗi, don haka mai gini yakan kai bangonsa har bakin kwalbati. Abokin cinikinsa kuwa ya tsaya a kan kwalta.

To, wa ke da alhakin gyara? Nijeriya tana da dokar tsara birane tun 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Ke nan izinin gini yana hannun jiha, ta hukumar tsara birane da ke Gusau. A ɗaya ɓangaren, tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da kasuwanni da tashoshin mota da lambuna a kan ƙananan hukumomi. Ɗan filin da ke tsakanin ƙofar shago da kwalta yana buƙatar hannun duka biyun, kuma sai sun zauna tare za a sabunta ƙa'idarsa.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a zauna ɗin a kwafo dokar wasu. Bayan yaƙin duniya na biyu, biranen Amurka sun wajabta wa kusan kowane sabon gini tanadar adadin guraben mota. Sakamakonsa shi ne faffaɗan filayen kwalta da yawancin lokaci babu kowa a cikinsu, da tsadar gini da ta koma kan mai haya. Wani masanin tsara birane, Donald Shoup, ya fito da wannan ɓarna a littafinsa na 2005, kuma a 2017 birnin Buffalo ya soke wajabcin baki ɗaya. Idan su da kusan kowane gida ke da mota sun gano sun yi kuskure, ina ga garin da mafi yawan masu zuwa kasuwarsa a kan babur suke, ko a Keke Napep, ko a ƙasa? Gurbin mota ɗaya yana ɗaukar babura biyar ko shida.

Darasin da ya fi dacewa da mu yana birnin Sacramento na jihar Kalifoniya. Tun 1983 dokarsu ta ce duk wanda ya yi filin ajiye motoci sai ya dasa itatuwan da za su rufe rabin filin da inuwa cikin shekara 15. Inuwar suke aunawa, maimakon su ƙirga dashen da aka saka ranar buɗe wuri. Duk wanda ya taɓa ganin yadda awaki ke gamawa da dashen da aka yi don ɗaukar hoto ya san amfanin wannan bambanci.

Da za a tambaye ni, abu huɗu zan roƙa. Na farko, manyan gine-gine da ke tara jama'a, irin su gidan mai da ɗakin taro da asibiti da rukunin shaguna, su ja baya daga titi, su ware wurin sauke kaya a cikin filinsu. Na biyu, a fara lissafi da babur da Keke kafin mota. Na uku, a wajabta inuwa: dogon yaro ko maɗaci ko durumi, da kejin kare shi, kuma a dawo bayan shekara uku a ga ko yana raye. Na huɗu, kada a malale fili duka da siminti. Tsakuwa tana barin ruwan damina ya shige ƙasa maimakon ya kwarara gidan maƙwabci.

Na san abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai ce: shagona taku goma ne, ina zan samo fili? Gaskiyarsa, kuma bai kamata doka ta matse shi ba. Irinsa fili ɗaya na tarayya ya ishe su, ƙaramar hukuma ta ware shi a gefen kasuwa, 'yan kasuwa da ƙungiyar direbobi su riƙe shi, mai ajiye abin hawa ya biya ɗan abin da za a ba mai gadi da mai ban ruwa. Zango ke nan, da sabon suna.

Makon jiya na sake bin hanyar. A daidai inda Inna ta nuna mini, wani mai shago ya kafa rumfar kwano, yana zaune a ƙarƙashinta yana sharce gumi, janareto yana kuka a gefensa don ya juya fanka. Da na ba shi labarin durumin, sai ya yi shiru, sannan ya tambaye ni shekara nawa yake ɗauka kafin ya yi inuwa. Na ce masa da sauran lokaci, amma dogon yaro ya fi sauri. Ya ce in na samo dashe in kawo masa, shi zai riƙa ba shi ruwa.