Ranar da Kawu ya kashe inji

Shekara huɗu na yi ina aiki a injin casar shinkafa na kawuna a Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, a kan titin da ya haɗa Nguru da Gashuwa. In kaka ta yi, shanshera ke shigo mana buhu-buhu daga fadamun ƙasar Bade, mu tayar da inji bayan asuba, ba ma kashewa sai magariba. Tsohon injin dizal ne, bel ɗinsa na gudu a fili. Murfin bel ɗin yana nan, tun wani gyara da bakanike ya yi aka jingine shi a bango, har ya zama wurin da muke ɗora butoci.

Wata ranar kasuwa, wani yaro cikin masu ɗura mana shinkafa ya sunkuya zai kwashe ɓuntu, bel ya cafki gefen rigarsa. Allah ya sa rigar ta tsufa, ta yage. Ya tsira da ƙujewa a kafaɗa, ya zauna a ƙasa jikinsa na rawa. Muka yi masa sannu, muka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, kowa ya koma bakin aikinsa. Sai muka ji inji ya yi shiru.

Na ce, "Kawu, mutane na jira fa. A bari sai dare mana."

Ya ce, "Su jira. Wanda yake sauri ya kai wani injin. Miƙo min sifana."

Mutum uku suka kwashe buhunansu suna mita. Shi kuwa ya durƙusa da kansa ya ɗaure murfin nan, noti bayan noti, sai bayan la'asar muka sake tayarwa. Cinikin ranar kasuwa ya tafi, kuma kowa a wurin ya san nawa ne ya tafi. Wannan asarar ce ta sa muka yarda da gaske yake. Da faɗa kawai ya yi mana, da kwana biyu mun manta.

Washegari ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya shiga da 'yar shara. Dattijo ne da ba a saba ganinsa haka ba. Bai ce wa kowa komai ba, amma kafin sati ya zagayo babu mai shiga ɗakin inji da riga mai jan ƙasa ko rawani a sake. Ya kuma ce duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ko ƙaramin yaro ne, ya kashe inji, ba za a yanke masa ko sisi ba.

Ni na fara gwada maganar. Na ji ƙauri, na kashe, aka duba ko'ina, ashe shara ake ƙonawa a bayan gida. Na tsaya ina jiran faɗa a gaban jama'a. Ya dube ni ya ce, "Ka kyauta, ɗana. Tayar." Na tabbata da ya ɗaure min fuska a ranar, da babu wanda zai ƙara kai hannu ya kashe, ko da hayaƙi ya gani.

Daga baya na san cewa dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta rufe sassan inji masu haɗari, kuma tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni. A shekarun nan huɗu babu jami'in da ya leƙo mu. A ƙananan wurare irin namu, inda hannu in ya karye sai an nemi mota zuwa asibitin tarayya na Nguru, abin da maigida ya yi shi ne doka.

Akwai inda Kawu ya gaza, kuma har yau yana damuna. Ƙurar shinkafa na cika ɗakin har ba ka ganin na kusa da kai. Ya sayo mana takunkumi daga Nguru, amma shi bai taɓa sawa ba, wai yana hana shi numfashi. Mu ma muka ajiye. Yanzu ya tsufa, tari ba ya barinsa barci in hunturu ya shigo.

Bara na je gaishe shi, na biya ta injin. Ɗansa ke riƙe da wurin. Murfin bel na nan a ɗaure, rigar ɗan na rataye a ƙusar nan ta bakin ƙofa. Na tambaye shi takunkumi, ya nuna min leda a kan taga, ko buɗewa ba a yi ba. Na zaro biyu, na sa ɗaya, na miƙa masa ɗaya.