Gida Biyu Maganin Gobara: Kwamfutar Mai Bincike da Amanar da Ke Cikinta

A yau da wuya a sami mai nazarin Hausa da ba ya yawo da rumbunsa a jaka. Kwamfutar cinya, wadda aka fi sani da laftof, ita ke ɗauke da kundin digirinsa, da hotunan rubuce-rubucen ajami da ya ɗauko daga zaurukan malamai, da muryoyin dattawan da ya zanta da su a ƙauyuka. Kundi kam ana iya sake rubuta shi, ko da za a sha wuya. Amma tsohuwar da ta rera waƙar niƙa a gaban rikoda shekara biyar da suka wuce mai yiwuwa ta kwanta dama, kuma in fayil ɗin ya salwanta, waƙar ta bi ta ke nan. Saboda haka kula da kwamfuta, a wurin mai bincike, riƙon amana ne.

Magabata sun san takarda ba ta da tabbas. Gara na ci, ruwa na jiƙawa, wuta na lashewa. Abin da ya kawo rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na 'yarsa Nana Asma'u zuwa wannan zamani shi ne yawan kwafi: almajiri ya kwafa daga malaminsa, ya tafi garinsu da nasa, wani ya kwafa daga gare shi, 'Yan Taru kuma suka haddace waƙoƙin Asma'u suka kai su ƙauyuka. In gafaka ɗaya ta ƙone a Sakkwato, akwai 'yar'uwarta a Gwandu ko Kano. Abin da ya faru a Tambutu a watan Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, ya tuna wa duniya wannan darasi, domin mafi yawan taskar garin ta tsira ne saboda an riga an kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako. Mai binciken zamani da ya tara komai a kwamfuta ɗaya ya koma bayan almajirin ƙarni na 19 wajen tanadi.

Babban abokin gabar kwamfuta a ƙasar Hausa shi ne zafi. Kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa a yi aiki da kwamfutocinsa na cinya a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali a bazara zafin Sakkwato da Kano kan haura 40. Ɗalibi ya ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo ya toshe ƙofofin iskar da ke ƙarƙashinta, fanka ta yi ta gurnani a banza. Batirin zamani kuwa zafi ke tsofar da shi, har ya kumbura ya ɗaga allon madannai. Idan hunturu ya kama, ƙura ta shiga ta daskare a bakin fanka, sai zafin ya ƙaru. Maganin bai da tsada: a ɗora ta a kan tebur ko katako, a rufe ta da ƙyalle in an gama aiki, kada a bar ta cikin mota a rana, a kai wa mai gyara ya share cikinta bayan kowane hunturu.

Na biyu shi ne lantarki. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, da ta janareta mai hawa da sauka, su ne ajalin caja, wani lokaci har da cikin kwamfutar. Mai hankali yakan cire caja da zarar an ɗauke wuta, ya jira ta daidaita kafin ya mayar, ya kuma guji cajar bogi komai arharta.

Ma'ajiyar bayanai kuwa iri-iri ce, kowace da irin mutuwarta. Tsohon faifan ciki, wato had-dis, faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi dab da shi yana karantawa. Faɗuwa ɗaya yayin da yake juyawa ta isa ta sa hannun ya karce farantin. Sabon nau'in da ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi, don haka ya fi jure girgizar hanya, sai dai shi da filashi da katin memori suna riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki da ke tsiyayewa a hankali idan an jingine su shekaru, zafi kuma na ƙara saurin tsiyayewar. Filashi jaka ce ta ɗaukar kaya daga nan zuwa can, ba rumbu ba. Ga shi yana kwaso cuta daga shagunan buga takardu, ga kuma na jabu a kasuwa, wanda zai nuna yana da wuri mai yawa amma ya riƙa taka tsofaffin fayiloli da sababbi.

Tun da babu ma'ajiyar da ba ta mutuwa, sai a koma ga hikimar Bahaushe da ya ce gida biyu maganin gobara. Masana adana bayanai sun ƙara ɗaya a kai: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Wato ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya a rumbun intanet irin su Google Drive ko a gidan wani amintacce a wani gari. Faifan da ke kwana a jaka ɗaya da kwamfuta bai cika gida na biyu ba, domin ɓarawo jakar yake ɗauka gaba ɗaya. Haka kuma kwafin da ba a taɓa buɗewa an gwada ba, zato ne kawai.

Akwai wata asara da ta fi shafar masu nazarin Hausa, wadda ke aukuwa ko da na'ura na lafiya. Kundaye da dama an buga su da tsofaffin salon haruffa na musamman, waɗanda suka ɗora ɓ da ɗ da ƙ a gurbin wasu alamomi. Da zarar an buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe su zama shirme, a rasa bambancin ƙasa da kasa. Tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikinsu lambarsa ta dindindin, don haka ya kamata a mayar da tsofaffin ayyuka zuwa gare shi tun masu su na raye. Murya ma haka take: a ajiye asalin ɗaukar a tsarin WAV, a riƙa rarraba kwafin MP3. Hoton ajamin da ya bi ta WhatsApp an matse shi, har ɗigon wani harafi na iya dushewa, a ajami kuwa ɗigo ɗaya kan canja kalma.

Sunan fayil shi ma ilimi ne. Muryar da ba a rubuta wanda ya yi magana ba, da gari, da rana, da izinin da ya bayar, ta zama marainiya, ba a iya kafa hujja da ita.

Daga ƙarshe sai batun da ba a son ambata, wato mutuwa. Malami yakan rasu ya bar kwamfuta a kulle da kalmar sirri, magada su sayar da ita ko a goge ta a ba yaro. A da, littattafan malami sukan shiga gado a gan su da ido. Na yau ba a ganin su. Ya dace kowane sashen Hausa ya tanadi ma'ajiyar da ɗalibi zai miƙa muryoyi da hotunan da ya tattara tare da kundinsa, kamar yadda Gidan Arewa da ke Kaduna ke adana takardu tun 1970. Dattijon da ya bar aikin gonarsa ya zauna yini guda yana ba da tarihin garinsu ya yi haka ne domin jikokinsa su ji, kuma ba za su ji ba sai in maganar ta fita daga kwamfuta ɗaya.