Gyaran waya hali ne, ba basira kaɗai ba

Ɗan uwa, kafin ka kawo ƙaninka koyon gyara, duba halinsa. A shagonmu na Unguwar Mu'azu na sha gani: yaro mai gaggawa zai ɓamɓare sikirin ɗin Tecno tun gam bai yi laushi ba, ya tsinke fileks. A iPhone kuwa, dogon sukuru ɗaya a ramin gajere ya isa ya huda injin. Amma tura mai rawar kan nan kasuwar Sheikh Gumi sayo kaya, ko ka bar shi da kwastoma, wallahi babu kamarsa. Mai shiru-shiru, teburin gyara ne wurinsa. Wanda ba shi da gurbi a sana'ar nan shi ne mai leƙa hotunan mutane. Hali zanen dutse.