Guzurin da Muka Tarar a Gida

Bayan ɗaurin auren ɗiyarmu da wani ɗan uwa mazaunin Hamburg, sai muka ji cewa tun 2007 dokar Jamus ta shar'anta wa matar aure jin Jamusanci, matakin A1, kafin ta tare. Hankalinmu ya tashi. Muka riƙa zama da ita bayan sallar isha'i muna bitar darasi.

Ashe ba hannu rabbana muka zo ba. Sautin "ch" a kalmar "Buch", wato littafi, shi ne خ da malamin tajwidi ya sha gyara mana. Wasalin "ü" kuwa "u" ne na Faransanci. Ashirin da ɗaya su kan ce "einundzwanzig", ɗaya da ashirin, tamkar ƙirgan Larabci. "Sie" na girmamawa ne, "du" na sabo, kamar "vous" da "tu".

Inda muka sha wuya shi ne jinsi. Hausa tana da namiji da tamace, Jamusanci yana da uku: "der", "die", "das". Ko yarinya, "das Mädchen", ba ta cikin jinsin mata! Magani ɗaya ne: a haddace kowane suna tare da alamar jinsinsa.

Jarrabawa ta ƙarato, 'yan uwa, muna barar addu'arku.